Abin da na koya game da yoga a gidan wani dattijo a Pune

Ni mutumin Zariya ne, kuma sana'ata ita ce gashin ƙashi, wato kula da waɗanda suka samu karaya, ko shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon baya da na gaɓoɓi, har jikinsu ya koma aiki gwargwadon yadda Allah ya nufa. A Indiya na yi karatun, a birnin Pune da ke jihar Maharashtra, inda na sauka a shekarar 2013. Abin da ya sa na ga ya dace in rubuta wannan labari shi ne yawan tambayar da ake yi mini a wurin aiki game da yoga. Wasu masu tambayar sun ɗauke ta motsa jiki ne na rage teɓa da gyaran ƙugu, kamar yadda suke gani a YouTube, wasu kuwa da jin sunanta sai su ce tsafi ne, su rufe maganar. Ni da na zauna da mutanen da suka gaje ta iyaye da kakanni, na tarar da wani abu da ya fi waɗannan biyun nauyi, kuma shi nake so in bayar da shaida a kansa.

Pune gari ne da yoga ta yi wa suna a duniya. A nan ne shahararren malamin yoga B.K.S. Iyengar ya buɗe cibiyarsa a 1975, kuma da wuya mutum ya wuni a wasu unguwannin bai ga Turawa da 'yan Japan rataye da naɗaɗɗiyar tabarmar roba ba. A kan hanyar Mumbai kuma akwai garin Lonavla, inda aka kafa cibiyar Kaivalyadhama tun 1924 domin a auna tasirin waɗannan atisaye a kan numfashi da bugun zuciya da na'urorin kimiyya. Mu ma a makaranta an koya mana wasu daga cikin miƙe-miƙen a matsayin magani: wanda ke sassauta tsokar gadon baya, wanda ke buɗe ƙirji, da wanda bai kamata a ba mai hawan jini ba. Iyakar sanina ke nan a shekarar farko, kuma ya ishe ni cin jarrabawa.

Na kama ɗaki ne a saman gidan wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, matarsa ta rasu, yana zaune da ɗansa da surukarsa da jikoki. Kowa a layin Kaka yake ce masa, domin haka mutanen Maharashtra ke kiran dattijo sa'an uba, ni ma na bi sahu, shi kuma ɗana yake ce mini. Duk lokacin da na tashi alwalar asuba, sai in hango shi a barandar ƙasa, kusa da tukunyar shukar tulsi da mabiya addinin Hindu irinsa suke girmamawa, zaune a kan bargo mai ninki huɗu, ya harɗe ƙafafu, bayansa a miƙe. Yakan toshe hancin dama da babban yatsa ya shaƙi iska ta hagu, sannan ya toshe na hagu da yatsan zobe ya saki iskar ta dama, a hankali ƙwarai, har mutum ya yi tsammanin ya daina numfashi. Bayan haka sai ya ajiye hannuwansa a kan gwiwa ya yi shiru. Zan yi salla, in yi azkar, in dafa shayi, in leƙo, yana nan yadda na bar shi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ban cika ganinsa yana lanƙwashe-lanƙwashen da na sani da sunan yoga ba, amma duk unguwar shi ake nunawa idan ana maganar wanda ya san ta.

Da daminar 2014 aka kira ni daga gida cewa Allah ya yi wa mahaifina rasuwa. Kafin in gama fahimtar saƙon an riga an yi masa sutura an kai shi makwancinsa, kamar yadda addini ya tanada, ni kuwa ina can wata duniya, ba kuɗin jirgi, ga jarrabawa a gaba. Barci ya ƙaurace wa idona. Sai in kwanta in yi ta juyi har a kira salla, in tashi in kabbara, amma kafin in kai ƙarshen Fatiha hankalina ya tafi Zariya, ya shiga zauren gidanmu, ya koma kan maganar ƙarshe da muka yi da marigayi ta waya. Ƙabli da ba'adi suka zama abokan kowace salla, domin ban san raka'a nawa na yi ba. Kaka ya lura da yadda na rame. Wata safiya ya aiko jikansa ya kira ni, ya sa surukarsa ta kawo mini shayi mai citta, ya yi mini ta'aziyya irin tasu, wadda shiru ya fi yawa a cikinta. Ni ne na roƙe shi ya koya mini atisayen da zai sa in samu barci.

Ya ce: "Ɗana, wannan mai sauƙi ne, zan nuna maka yau. Amma kada ka koma ƙasarku ka ce Kaka ya koya maka yoga, domin abin da ka roƙa ɗan ƙaramin yanki ne nata."

Daga ranar na riƙa zama da shi da yamma idan na dawo daga asibitin da muke koyon aiki, kuma mafi yawan zaman magana ce. Ya ɗauko mini wani tsohon littafi da shafukansa suka yi ja, mai ɗauke da gajerun jimlolin Patanjali, malamin da ya tattara wannan ilimi cikin harshen Sanskirit fiye da shekara 1,500 da suka wuce. Jimlolin 195 ne ko 196, gwargwadon bugun da mutum ya samu, an kasa su babi huɗu. A jimla ta biyu aka faɗi abin da ake nufi da yoga, wato tsayar da kai-komon da zuciya ke yi. Kaka ya ce duk sauran littafin sharhi ne a kan wannan. Yadda na fahimta a lokacin shi ne kamar ruwan da aka ɗebo daga rafi da damina aka zuba a randa: muddin ana motsa shi ba za a ga komai ba sai laka, sai an bar shi ya kwanta sannan a ga gindin randar.

Hanyar da Patanjali ya shimfiɗa matakai takwas ce, kuma a nan ne na fara gane dalilin da ya sa dattijon ya yi mini wancan gargaɗi. Matakin farko hani ne guda biyar: kada ka cutar da mai rai, kada ka yi ƙarya, kada ka yi sata, ka kame daga sha'awa, kada ka tara abin da ya wuce bukatarka. Na biyu ladabtar da kai ne, shi ma kashi biyar: tsafta, wadatar zuci, juriya a kan wahalar horo, nazarin littattafai masu tsarki da na halin kai, da miƙa wuya ga wanda suke kira Ishwara, wato Ubangiji a fahimtarsu. Sai a mataki na uku ne aka zo kan zaman jiki, wanda suke kira asana, kuma cikin dukan littafin jimla uku kacal aka keɓe masa, abin da aka nema kuwa shi ne zaman ya kasance tabbatacce mai daɗi, domin jiki ya daina damun mai shi. Daga nan sai sarrafa numfashi, sai janye ji da gani da sauran gaɓoɓi daga abin da ke waje, sai tsayar da hankali a kan abu ɗaya, sai zurfafa cikin wannan tsayuwa ba yankewa, sai mataki na ƙarshe da suke kira samadi, inda mai tunani yake mance kansa ɗungurungum. Kaka yakan ce wanda ya iya tsayawa da ka ƙafafu a sama amma yana cin amanar mutane a kasuwa, ɗan wasan tsalle-tsalle ne, kuma bai taka ko matakin farko ba. Ba da wasa yake faɗar haka ba. Na taɓa ganin ya sa jikansa ya koma shagon bakin titi da ruwan sama domin ya mayar da 'yan canjin da aka ba shi fiye da ƙima.

Da na tambaye shi amfanin tsayar da zuciyar, sai muka shiga inda hanyarmu ta fara rabuwa. A aƙidarsu, ainihin mutum wani mai kallo ne tsarkakakke da ba ya canzawa, suna kiransa purusha, amma ya ruɗe ya ɗauka shi ne jiki, shi ne tunani, shi ne fushi da murna da suna da muƙami. Wannan ruɗu shi ne jahilci na asali, kuma daga gare shi ne sauran cututtuka huɗu suke tsirowa: jin kai, kwaɗayin abin da ya taɓa yi wa mutum daɗi, ƙin abin da ya taɓa cutar da shi, da manne wa rayuwa saboda tsoron mutuwa. Muddin waɗannan na nan, mutum zai yi ta aikata ayyukan da ke ɗaure shi, ya mutu, a sake haihuwarsa a wani jikin, ya sake mutuwa, ba ranar ƙarewa. Manufar yoga ta ƙarshe ita ce kuɓuta daga wannan zagaye, abin da Patanjali ya kira kaibalya, wasu makarantun kuma suke kira moksha. Ya ƙara mini da cewa ba kowa ne sai ya zauna ya harɗe ƙafa ba, domin a littafinsu na Bhagabad Gita an ambaci yogar aiki, wato mutum ya sauke nauyin da ke kansa ba tare da rataya zuciyarsa ga sakamako ba, da yogar ƙauna da bauta, da yogar sani. Ya ce marigayiya matarsa ba ta taɓa yin asana ko ɗaya ba, amma ta fi shi nisa ta hanyar bauta.

Game da yadda abin ya koma motsa jiki a idon duniya, labarin bai daɗe ba. Littafin Hatha Yoga Pradipika na ƙarni na 15 asana 15 kawai ya bayyana, da yawansu kuma na zama ne. Swami Vivekananda, malamin addinin Hindu wanda jawabinsa a Shikago a 1893 ya buɗe wa Amurkawa ƙofar falsafar Indiya, bai ba lanƙwasa jiki wani muhimmanci ba. Sai a shekarun 1930 ne wani malami mai suna Krishnamacharya ya riƙa koyar da samari salo mai ƙarfi da zufa a ƙarƙashin sarkin Maisur, kuma almajiransa, irin su Iyengar da Pattabhi Jois, su ne suka bazu da shi duniya. Ina Pune lokacin da Iyengar ya rasu a watan Agusta na 2014 yana da shekara 95. Kaka ya yi maganarsa da girmamawa, ya ce mutumin ya san inda hanyar ta nufa, sai dai da yawa daga masu kwaikwayonsa sun tsaya a bakin ƙofa.

Wannan bayani ya sa ni cikin tunani mai nauyi a matsayina na Musulmi, domin ya tabbatar mini cewa abin da ake yi a barandar ƙasa ibada ce a wurin mai yin ta. Na je na samu limamin wani masallaci a unguwar Kondhwa, inda ɗalibai 'yan Afirka da Larabawa suke da yawa, na kwashe komai na faɗa masa. Ya ce mini miƙe jijiya da daidaita numfashi magani ne kamar kowane magani, amma furta kalmomin bautarsu, da jerin rusunawar da suke kira gaisuwar rana, da durƙusa wa hoton malami, waɗannan iyaka ce da mai tauhidi ba ya tsallakawa. Daga baya na ga cewa malaman wasu ƙasashen ma a kan wannan gaɓa suka yi magana: majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga a 2008 saboda abin da ke cikinta na bauta, majalisar malaman Indonesiya a 2009 ta haramta wadda ake haɗawa da waƙen ibada ta bar wadda take motsa jiki zalla, Saudiyya kuma a 2017 ta amince da ita a matsayin wasan motsa jiki. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne Musulmi sun san wannan ilimi tun kafin Turawa su ji labarinsa, domin Albiruni ya fassara littafin Patanjali zuwa Larabci a ƙarni na 11, ya karanta shi da idon masani, ya bayyana abin da mutanen suka yi imani da shi ba tare da ya bar nasa addinin ba.

Na koma na faɗa wa Kaka iyakata, ina ɗar-ɗar kada ransa ya ɓaci, musamman da na ce ba zan furta kalmar Om da yake buɗe zamansa da ita ba. Ya yi murmushi ya ce na yi daidai. Ya nuna mini inda Patanjali ya ce wannan sauti shi ne lafazin da ke nuni ga Ishwara, ya ce saboda haka wanda ya ƙi furta shi don ya san sunan abin bauta ne ya fi girmama shi a kan baƙon da ke rera shi don yana jin daɗin yadda yake kaɗa ƙirji. Sannan ya yi mini tambayar da har yau ba ta bar ni ba. Ya ce: "Ɗana, ina ganinka ta taga kana tsayawa gaban Ubangijinka sau biyar a rana. Ni sau ɗaya nake zama, kuma shekaru na yi ina fama kafin zuciyata ta yarda ta zauna tare da ni. Kai idan ka sa goshinka a ƙasa, ina taka zuciyar take?"

Ban ba shi amsa ba, amma tambayar ta mayar da ni zauren malaminmu a Zariya, inda muka karanta Ahalari muna yara, muka haddace cewa natsuwa da daidaituwa suna cikin farillan salla. Ta tuna mini da hadisin mutumin da ya yi salla da gaggawa, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ya koma ya sake domin bai yi salla ba, da kuma hadisin Mala'ika Jibrilu inda aka ce kyautatawa ita ce ka bauta wa Allah kamar kana ganinsa. Duk waɗannan na san su tun ina ƙarami, a baki. Na fara tsayawa a ruku'u har kowace gaɓa ta koma mazauninta, in jinkirta a sujada, in karanta ayoyin a hankali ina sauraron abin da nake faɗa, in keɓe wa mahaifina addu'a a wurin da ya dace maimakon tunaninsa ya yi ta fizgata a tsakiyar karatu. Atisayen numfashin da dattijon ya koya mini ya taimaka wa barcina, ba na musun haka, amma sanyin da na samu a kan rashin mahaifina a sujada na same shi.

Ranar 21 ga Yuni, 2015 aka yi bikin Ranar Yoga ta Duniya karo na farko, bayan Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a Disambar 2014 bisa shawarar Firaminista Narendra Modi. A Delhi mutum kusan dubu 36 suka shimfiɗa tabarmi a fili ɗaya, kuma gwamnati ta cire gaisuwar rana daga tsarin bikin bayan ƙungiyoyin Musulmin Indiya sun nuna rashin amincewa. Duk Pune ta ɗauki harama, ɗansa da jikoki suka fita da fararen riguna. Kaka bai je ba. Ya ce ba ya ƙin abin, amma janye gaɓoɓi daga duniya ba ya yiwuwa a gaban kyamara.

A shekarata ta ƙarshe ya zame a banɗaki ya karye a ƙugu, aka yi masa aiki aka sa masa ƙarfe. A nan ne ni ma na samu abin da zan saka masa da shi, domin ni na riƙa kama shi yana koyon tsayuwa da keken dogarawa, ina ƙirga masa taku daga gado zuwa ƙofa. Likitoci sun hana shi zama a ƙasa da harɗe ƙafafu, wato zaman da ya shafe mafi yawan rayuwarsa yana yi. Na zaci abin zai karya masa zuciya. Sai ya sa aka ajiye masa kujerar katako mai tsayi a barandar, aka sa matashi a bayansa, ya ce sharaɗin zama shi ne ya tabbata ya kuma yi daɗi, kujera ta cika sharaɗin. Idan ina lanƙwasa masa ƙafar kuma zafin ya kai inda samari ke ihu, sai in ga zufa ta keto masa a goshi, amma numfashinsa bai canza ba, yana shiga yana fita da tsawo ɗaya. A watannin nan ya rarraba littattafansa da agogonsa da mafi yawan tufafinsa. Ya gaya mini ba ɓoye-ɓoye cewa cuta ta biyar, tsoron mutuwa, ita ce har yanzu take leƙo shi da dare, kuma littafin ma ya ce ba ta barin ko masani. Mun yi muhawara mai tsawo a kan abin da ke bayan mutuwa, shi yana maganar sake haihuwa da kuɓuta daga gare ta, ni ina maganar kabari da tashin ƙiyama da hisabi da rahamar Allah. A ganinsa ƙarshen tafiya shi ne ruhi ya gane kansa ya tsaya shi kaɗai, a wurina kuwa bawa ba ya daina zama bawa, kuma babban rabonsa shi ne yardar Ubangijinsa. Ban shawo kansa ba, shi ma bai nemi ya shawo kaina ba, kuma ranar da zan taho ya dafa kaina ya ce kada in yi wasa da sallata.

Yanzu ina aiki a gida, kuma kwanakin baya wata Hajiya mai fama da ciwon baya ta zo da 'yarta, wadda ta sauke mata bidiyon yoga a waya. Ta ce: "Likita, yarinyar nan ta dame ni in riƙa bin wannan, ni kuwa zuciyata ba ta kwanta ba." Na karɓi wayar muka kalla tare. Matar da ke cikin bidiyon ta fara da haɗa tafukan hannu a ƙirji, ta rera Om sau uku, sannan ta shiga gaisuwar rana. Na ce: "Hajiya, zuciyarki ta yi gaskiya a kan wannan farkon," na bayyana mata abin da kalmar take nufi a wurin masu ita, da abin da rusunawar take nufi, yadda Kaka ya bayyana mini, ba tare da na zagi kowa ba. Na kuma gaya mata cewa ko ba don addini ba, sunkuyawar da ke cikin jerin ba ta dace da irin ciwonta ba. Na kwantar da ita a gadon gwaji na koya mata motsi uku da za ta yi a kwance, da yadda za ta ja numfashi ta ciki a hankali kafin barci, na ce hukuncin sauran kuma na malamai ne. Ta ce za ta kai maganar wurin malamin Islamiyyarsu ranar Asabar, ni kuma na rubuta mata ta dawo bayan mako biyu in sake duba bayan.